Zuwa Ngong da Motar Marigayi Yaya

Mun tashi daga unguwarmu Poumpoumré ta Garoua ana idar da sallar asuba, mu uku a gaban babbar motar marigayi Yayana: ni, da Baffa ƙanin mahaifinmu, da direban da ya yi shekara goma sha tara yana aiki tare da Yaya. Ngong muka nufa. Lafiyayyar mota cikin awa ɗaya take zuwa, amma tamu ba lafiyayya ba ce, mu ma da ke cikinta ba mai yi wa wani magana.

Masu bibiyata a nan sun san ban saba dogon rubutu ba, hotunan kayan shago kawai nake sawa. Wannan karon dole ce ta sa. Na faɗi wata magana a gaban mutane, ta yi yawo har kasuwar Roumdé Adjia inda shagona yake. Gyaranta ma sai a gaban mutane.

Yaya ya rasu farkon damina bayan jinyar kwana tara. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar, da mahaifiyarmu da muke kira Dada, da wannan mota mai ƙafa goma wadda da ita ake ci a gidan. Aka ajiye ta a filin ƙofar gida, aka ce ba za a yi maganarta ba sai matarsa ta fita takaba. Bayan addu'ar bakwai, Dada ta ce min shirun asuba ne ya fi damunta, don ta saba tana kan darduma take jin Yaya ya tashi motar. Ni ban iya jan babbar mota ba, amma na iya murza makulli. Daga ranar, kullum na dawo masallaci sai in tashe ta, in zauna a kujerarsa awa ɗaya, wani lokaci biyu, sannan in kashe in tafi shago. Gas ɗin ma a gidan mai nake sayo mata, ban taɓa zuba mata na bakin hanya ba. A ganina gata nake yi mata.

Wajen wata na uku ta fara karkarwa in tana tsaye. Ƙarar injin ta riƙa tsallake kamar tafiyar mai ɗingishi, farin hayaƙi mai yaji a ido yana fita, wani baƙin ruwa mai kauri yana ɗiga daga salansa. Direban kuwa yakan zo da yamma jefi-jefi ya wanke ta, ya sa mata giris, ya duba injin. Sai aka fara raɗa min a kasuwa cewa nozul na asali abu ne mai tsada, wato bakin ƙarfen da ke fesa wa injin mai, kuma ana cire su a sa na banza ba wanda zai gane. Na riƙe maganar a ciki tana girma.

Ranar fitar takaba dangi suka taru a zaure. Aka yanke cewa direban zai ci gaba da jan motar yana kawo wa marayu abin da aka samu. Aka ce ya tashe ta a sa albarka. Da ta fara wannan rawa a gaban kowa, sai na ce, “Lafiya lau Yaya ya bar motar nan. Mutum ɗaya ne ke buɗe injinta. A tambaye shi ina nozul ɗin Yaya, a kuma tambaye shi wane irin mai yake zuba mata.”

Mutumin nan ya girme ni da shekara goma sha biyar, shi ya riƙe ƙafar makarar Yaya. Ya ajiye makullinsa a kan tabarma, ya ce, “Alhaji ƙarami, ba zan ba ka amsa a nan ba. A kai ta Ngong wurin mai gyaranta. Abin da ya faɗa, na yarda.” Aka ce Baffa ya bi mu ya zama shaida. In maganata ta tabbata, an raba shi da motar, an kuma raba shi da sunansa a tashar manyan motoci. Dalilin tafiyar ke nan.

Muka ratsa gari yana farkawa. Masu ƙosai sun hura wuta, 'yan babur sun fara jeruwa a mararraba, masu sayar da zuwa-zuwa, wato man bakin hanya, suna fito da kwalaben mansu suna jerawa a kan tebur. Duk teburin da muka wuce sai na saci kallon direban, wai ko zan ga wani ya ɗaga masa hannu. Ba wanda ya ɗaga. A kan gadar Binuwai kogin ya cika ya batse, ruwan ja, masunta biyu cikin kwalekwale suna jan koma. Baffa ya leƙa yana neman dorina, ya ce duk shekara sai an ce masa an gan ta, shi kaɗai take ɓuya wa.

In motar tana gudu karkarwar takan ragu, sai dai ba ta da ƙarfi, ƙaramin tudu ma sai an sauke giya. Da mun tsaya kuwa sai komai ya kama rawa, madubi, ƙofa, haƙoran mutum. A shingen jandarmomi wanda ya karɓi takardunmu ya dafa ƙofar, ya janye hannu, ya tambaya da Fulatanci ko zazzaɓin damina ne ya kama ta. Baffa ya ce masa, “Ɗana, da nono na sha da safe, da yanzu man shanu zan sauke muku.” Jandarman ya yi dariya ya miƙo takardu. Mu biyu ba mu yi ba.

Hanyar ta sha ruwa, ramuka sun buɗe baki, manyan motoci suna kauce musu kamar masu rawa. Hagu da dama gonakin auduga ne kore shar, da masara da ta bushe a tsaye tana jiran karya, da mata suna tugar gyaɗa. A mararrabar da ke shiga Lagdo masu kifi suka rufe mu da faranti. Baffa ya taya banda, ya ce tsadarta ta fi ta Garoua alhali ga ruwan nan kusa, ya dai saya. Awa biyu da rabi muka yi kafin mu shiga Ngong.

Garejin yana bayan kasuwar hatsi, ƙarƙashin bishiyoyin darbejiya uku. Mai shi dattijo ne gajere, hannunsa kamar icen da ya sha wuta. Fulatanci yake yi da Baffa, Hausa da mu, sunan kayan mota kuma da Faransanci yake kira sai Baffa ya fassara min. Da ya ga motar sai ya ƙaraso. Ya dafa ƙofar direba ya daɗe, sannan ya juyo ya yi mana ta'aziyya. Baffa ya gaya masa abin da ya kawo mu, bai ɓoye ko kalma ɗaya daga abin da na faɗa ba. Dattijon ya kalle ni sau ɗaya, ya ce a kifa kan motar gaba a ga injin.

Na zaci sifana zai fara ɗauka. Kwalba ya ɗauka, fara tas. Ya kwance ƙasan matatar mai ya tsiyayi gas, ya ɗaga wa rana, ya ajiye a kan benci ya ce a ba shi lokaci, in da ruwa zai kwanta a ƙasa. Muka tsaya muna kallon kwalba. Ba abin da ya kwanta. Ya shinshina ya ce ba kananzir, mai ne mai kyau. Rabin zargina ya faɗi a nan, amma na ce a raina ai ni nake sayo man, nozul ne maganar.

Ya sa aka tashe ta, aka bar ta a silo, wato injin yana aiki ba a taka totur ba. Ya ɗauki buta yana ɗiga ruwa a kan rassan bututun hayaƙi, daidai inda kowanne ke fitowa daga silindarsa. Huɗu suka ce cau, ruwan ya ƙone nan take. A na uku da na biyar ruwan ya tsaya yana gangarowa abinsa.

“Matso, Alhaji, sa kunne,” in ji shi. “Silinda shida ne, kowacce da bututun da ke kai mata mai. Zan sassauta su ɗaya bayan ɗaya. In na hana mai aiki abincinta, za ka ji injin ya ƙara faɗuwa. Wadda na hana ba abin da ya canza, dama can barci take.”

Ya sassauta notin farko, mai ya yi tsartuwa, injin ya durƙusa kamar zai mutu. Ya ɗaure. Na biyu ma haka. Da ya zo na uku ya sassauta, mai yana fita, ƙarar ba ta canza ba ko kaɗan. Na biyar ta ɗan canza, kaɗan ƙwarai. Ya ce ta uku ta mutu, ta biyar tana hanya, kuma mai yana isowa har bakin ƙofa, don haka laifin ba na famfo ba ne. Ko nozul, ko cikin silindar kanta.

Ba zan ɓoye ba, da na ji ya ce nozul wani sanyi na ji a raina. Na kalli Baffa. Ina jin kunyar wannan kallo har yau.

Aka kashe injin, ya ciro nozul na uku. Bakinsa ya toshe da wani baƙin abu mai tauri kamar ƙanzon tukunya. Ya ciro sauran biyar ya jera a kan tsumma, duk bakinsu baƙi, wasu sun fi wasu. Sai ya jiƙa tsumma da gas ya goge jikin na ukun, ya miƙo min. Tsaga uku ce a jere, ƙanana, an yi su da zarton ƙarfe. Ya goge na biyar, tsaga uku. Ya goge dukkansu.

“Yayanka ne ya yi wannan da hannunsa, a kan bencin nan, ina kallo. Na ce Alhaji, ni ma ba ka yarda da ni ba? Ya ce ya yarda da ni, hanya ce bai yarda da ita ba, shi ya sa yake yi wa kayansa shaida kamar shanu. Shidan nan nasa ne. Ba wanda ya taɓa su.”

Na mayar masa da nozul ɗin. Direban yana tsaye gefe, idonsa a ƙasa, kamar shi aka kama.

Dattijon ya sa yatsa cikin salansa ya fito da shi baƙi, yana danƙo. Ya murza ya shinshina. Sai ya ce, “To yanzu ni ke da tambaya. Wa ke tashin motar nan yana barinta a tsaye?”

Na ce ni ne. Har da ɗan alfahari na faɗa.

“Minti nawa?”

“Awa ɗaya. Wani lokaci biyu.”

“Sau nawa?”

“Kullum. Tun addu'ar bakwai.”

Ya ajiye sifanar hannunsa ya yi salati. Sannan ya yi min bayani a hankali, yadda ake yi wa wanda aka san zai ji ciwo. Ya ce injin gas in ba ya jan kaya ba ya ɗaukar zafin da zai ƙone mai duka. Abin da bai ƙone ba sai ya zama toka da danƙo, ya taru a bakin nozul har ya toshe ramukan, saura ya gangara ta salansa, shi ne baƙin ruwan da nake gani. Ya ce da ajiye ta kawai aka yi aka cire batir, da yau ta tashi lafiya. Ya ce da na ƙara wata biyu a haka, da cikin silindar ya goge ya yi santsi, sai an sauke injin gaba ɗaya, kuma bai yi min alkawarin hakan bai riga ya faru ba.

Na nemi wata tsohuwar taya na zauna. Wata huɗu ina zaune a kujerar Yaya ina karanta masa ƙulhuwallahu, ashe abincin 'ya'yansa nake lalatawa da hannuna. Sannan na tashi a gaban dangi na ɗora wa wani. Aka kira azahar, na yi sallar ban san me na karanta ba. Aka kawo tuwon masara da miyar yakuwa daga wata rumfa, Baffa ya ce in ci, na sa hannu na cire.

Da yamma dattijon ya gwada nozul ɗin a wani ƙaramin famfon hannu. Mai lafiya yakan fesa mai kamar hazo, da ɗan kuka siriri. Na uku ɗiga yake yi kamar bakin buta. Kafin ya wanke shi sai ya mayar da shi silinda ta ɗaya, ya kawo na ɗaya ta uku, ya tashi injin. Ya ce in ciwon ya bi nozul ya koma ta ɗaya, silindar lafiya take. In ya tsaya a ta uku, sai haƙuri. Ya sassauta notin ta uku, injin ya durƙusa. Ya sassauta na ta ɗaya, ƙarar ba ta canza ba. Ciwon ya bi nozul. Na ji direban ya ce alhamdu lillahi a hankali, kalmarsa ta farko tun fitowarmu daga Garoua.

Aka wanke shidan, aka canza wa biyu baki, aka juye baƙin mai aka zuba sabo. Karkarwar ta ragu sosai amma hayaƙin bai ɗauke ba. Dattijon ya ce sauran maganin ba ya hannunsa. “Ku ɗora mata kaya har wuya, ku hau da ita dutsen Ngaoundéré. Zafi ne zai ƙone abin da ya saura.”

Washegari da hantsi wani ɗan kasuwa da ya san Yaya ya ba mu lodin masara. Muka kama hanyar kudu. Bayan Gouna daji ya yi kauri, birai suna zaune a bakin kwalta ba su damu da kowa ba. A Mbé doya ce tuli-tuli a gefen hanya, Baffa ya sayi ƙwarya guda ya ce ta Dada ce. Daga nan hawan ya fara, lanƙwasa bayan lanƙwasa, ga rami a gefe ba a ganin ƙarshensa. Direban ya sauke giya, ya taka, motar ta yi wani gurnani da na manta tana da shi. Ta madubi na ga baƙin hayaƙi yana tuƙuƙi a bayanmu, har da ɓarɓashin wuta. Na riƙe ƙofa. A hankali hayaƙin ya koma toka-toka, ya yi siriri, kafin mu kai sama ban ƙara ganinsa ba.

A saman dutsen ya faka, iska mai sanyi tana kaɗawa. Bai kashe injin ba. Ya zuba ruwa a kofin shayi ya ɗora a gaban gilashi. Ruwan ya tsaya cak, sai ɗan motsi. Baffa ya ce zai kama ruwa, ya ɗauki buta ya yi nisa fiye da yadda ake buƙata.

Na ce, “Malam, na zalunce ka. Ka yafe min.”

Ya ce ya yafe tun a zaure. Sai na tambaye shi ko bai taɓa zargin abin da ke damun motar ba. Ya ce ya sani tun wata na biyu. Ya ga ɗigon a ƙasa, ya ga tanki yana sauka yana cika, maƙwabci kuma ya gaya masa ina tashinta kullum saboda Dada.

“Me ya hana ka faɗa min?”

“Na zo faɗa maka wata asuba. Sai na tarar Dada ta fito da dardumarta soro tana saurare. Na ce a raina, nozul ana wanke shi. Ita kuma ban san me zan ba ta a madadin ƙarar nan ba. Na yi ta cewa gobe, har na bari abin ya yi nisa. Wannan laifina ne.”

“A zaure fa? Ina ci maka mutunci kana da amsa a bakinka.”

“Tana bayan labule, Alhaji ƙarami. In ce mata son jin motar ɗanta ne ya lalata motar ɗanta?”

Ban yi kuka a jana'izar Yaya ba, ni ke karɓar gaisuwa. A kan dutsen nan na yi.

Muka sauke masara a Ngaoundéré, muka samu lodin dawowa, kwana na uku da la'asar muka hau gadar Binuwai. Ban wuce shago ba. Na roƙi Baffa ya tara duk wanda ke zauren ranar, na faɗi abin da aka gani a Ngong ba ragi, na ɗauki makullinsa daga inda aka rataye shi tun ranar na miƙa wa mai shi da hannu biyu. Waɗanda suka ji maganar a kasuwa ba su zo zaure ba, wannan rubutu nasu ne. Mutumin nan bai ɗauki ko noti ɗaya ba. Ni na lalata motar, shi ya rufa min asiri.

Abin da na koyo ba shi da yawa. Dattijon Ngong bai ce ga mai laifi ba sai da ya gwada shidan ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ban gwada komai ba na yanke wa mutum hukunci, kuma cikin waɗanda nake zargi ban taɓa sa kaina ba. Na kuma gane ba duk abin da mutum ya yi don ƙauna ne yake zama gyara ba.

Dada ni na gaya mata da bakina, na ce ba zan ƙara tashin motar ba, direba ne zai riƙa fita da ita. Jiya da asuba ya zo, ya tashe ta, ya ba ta minti biyar, ya sa giya. Ina tsaye a soro kusa da dardumarta. Ta saurara har ƙarar ta fita lungu, ta hau kwalta, ta ɓace.

Sai ta ce, “Yauwa. Wannan nake jira in ji. Yayanka ba ya barinta ta daɗe a tsaye, tashinta yake ya tafi, ni kuma in bi shi da addu'a. Kai kullum sai ka tashe ta, in yi ta jira, ba ta tafiya.”